Ruwan da Lemon Kaka ke Sha

Sanyin Makka ba ya daɗewa, kuma baƙi dariya suke mana in sun gan mu a duƙunƙune cikin rigunan sanyi. Amma mu da aka haifa a tsakanin duwatsun nan, fatarmu zafi kaɗai ta sani. 'Yar iskar da ke gangarowa daga wajen Ɗa'ifa da asuba ta ishe mu rawar ɗari. A ƙarshen irin wannan sanyi ne, shekarar da aka yi wa Kaka aikin gwiwa, lambunta na saman bene ya dawo hannuna.

Gidanmu a Rusaifa yake, hawa uku. Kaka, mahaifiyar babana, ta mallake rufin gidan tun kafin a haife ni. Kullum bayan sallar asuba za ta kama ƙarfen matakala ta hau ita kaɗai, ba ta saukowa sai rana ta fara cizo. Ba ta son a taya ta. In na bi ta ina ƙarama, sai ta zaunar da ni a kan bokitin da aka kife, ta tsinko mini ganyen na'ana'a in riƙa shinshina, ta ci gaba da aikinta tana ba ni baya. Na taso ina ƙaunar lambun nan, amma ƙaunar ɗan kallo. Na san ƙamshin kowace shuka da inuwar da take yi a bango da yamma. Ban san abin da take ci ba.

Ba wani babban lambu ba ne. Yakuwa ce a tsofaffin gwangwanayen man girki, zogale biyu, barkono, ɗoɗɗoya, sai na'ana'a da ta cika fararen akwatunan da ake zubo kayan miya a kasuwar Ka'akiyya. A kusurwar gabas kuma, cikin rabin durom, akwai lemun tsami.

Ƙanwar Kaka ce ta zo da asalinsa. Sau ɗaya tak ta zo aikin Hajji daga ƙauyensu na ƙasar Katsina, bayan sun yi shekaru masu yawa ba su ga juna ba. A cikin tsarabarta, tsakanin ƙullin kuka da daddawa, akwai 'yan lemun tsami da ta tsinko a bayan ɗakin mahaifiyarsu. Suka matse a kunu suka sha tare, Kaka ta tsince 'ya'yan ta binne a gwangwani. Ɗaya ne ya tsiro. Ƙanwar ta koma gida, ba da daɗewa ba aka aiko da rasuwarta. Tun daga nan Kaka ke kiran bishiyar Auta.

Ranar da za a tafi da ita asibiti, har ta shiga mota ta sa aka kira ni. Ta kama wuyan hannuna.

"Ƙawata, ga amanar Auta nan. Sauran in sun mutu iri na nan a ƙulle, a sake shukawa. Ita kuwa ba ni da inda zan samo wata."

Na ce mata kada ta damu. Lokacin muna hutun tsakiyar shekara a jami'a, kuma har ga Allah na yi murna da aikin.

Makon farko ya yi mini daɗi ƙwarai. Ina hawa da kofin shayi, hannuwana a cikin hannun riga, in tarar da garin bai gama farkawa ba. Duwatsu shuɗi-shuɗi, hasumiyar agogon Harami tana leƙowa ta tsakaninsu. In fara da shara, domin iskar dare kan tara busassun ganye da gashin tattabaru a bakin magudana. Sannan in bi gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya da tsohon cokalin da Kaka ke sassauta ƙasa da shi. In tsinke ganyen da ya yi rawaya, in ɗaure reshen barkonon da iska ta kwantar. Ragar da aka shimfiɗa don kare yakuwa daga tattabaru ta yage a wuri biyu, na ɗinke ta da zaren buhu, yatsuna suna ƙin lanƙwasuwa don sanyi. Su kuwa tattabarun suna jere a kan katanga suna kallona, kamar sun san mai wurin ba ta nan.

Ruwan ban shuka a wani shuɗin durom yake, jikin bango. Siraran robobi uku ne suka gangaro suka shiga bakinsa, daga mukayyif ɗin ɗakunan hawa na sama, wato na'urorin sanyaya ɗaki, waɗanda aka kafa a kan katangar da ke bisa duron. Duk tsawon watannin zafi suna ɗiga a ciki dare da rana. To amma sanyi ya shigo, an kashe su, robobin sun bushe. Kwana takwas na yi ina ɗiba, sai moɗata ta fara karce gindin duron.

Ban ɗauki abin da zafi ba. Akwai famfo a rufin, wanda ke zuwa daga babban tankin gida, tankin da motar ruwa ke cika mana, wadda muke kira wayit. Ruwan rijiya ne. Da shi muke wanka da wanki, na sha kuma daban ake saye. Na ce a raina ai shuka ba mutum ba ce, na jona roba na ci gaba da ban ruwa.

A bakin matakala akwai wani ɗan ɗaki da Kaka ke ajiye taki da tsintsiya. Ranar da na fara buɗe shi na ga jarkokin Zamzam jere a bango har zuwa kafaɗata, farare, da rubutunsu a jiki, kowace an ɗaura mata jan ƙyalle a mariƙi. Na yi mamakin yawansu, amma ban yi tambaya ba. Tsofaffi suna son tanadi. Kuma a gidanmu an hore mu a kan Zamzam tun muna rarrafe: ba a zubar da shi a ƙasa, ba a wanke hannu da shi, ko ɗigo ya zuba a tebur sai ka shafe da tafinka ka shafa a fuska. Saboda haka na share ƙurar da ke kansu da ladabi. Kowace safiya kuma, in na gama aiki, sai in tsiyayi kaɗan a kofin shayina, in fuskanci Harami, in sha da numfashi uku, in roƙa wa Kaka sauƙin gwiwa. Na ji ɗanɗanonsa salam, ba nauyin nan da na sani a harshe. Na ce ƙila daɗewa ya yi a ajiye.

Auta ta fara canzawa ne a hankali. Bakin ganyenta ya soma ƙonewa kamar an kusanta masa ashana. Sai ganyen ya naɗe, sai ya faɗi, wani ma da sauran korensa. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara mata ruwa. Da abin ya ci gaba na ce sanyi ne, na ɗauko tsohon bargo ina lulluɓe ta da magariba, in yaye da safe. Na ga wani farin abu yana taruwa a saman ƙasar kamar kanwa, na ɗauka ƙura ce. Zogale da yakuwa ba su nuna wata damuwa ba, wannan ya ƙara rikita ni. Kullum sai na tarar da ganye a zube a gindinta, rassan suna ta fitowa tsirara, ƙayoyinsu a waje.

A lokacin an sallamo Kaka. Aka gyara mata ɗakin ƙasa, kusa da tsakar gida, likita ya hana ta matakala. Tana tafiya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, daga gado zuwa bayi, daga bayi zuwa gado. Ni ke kai mata shayin safe in na sauko.

"Ya Auta?" Ita ce tambayarta ta farko, tun kafin ta karɓi kofi.

"Tana gaishe ki," in ce, ina gyara mata matashi don kada mu haɗa ido.

"Ta fara fure? Ƙarshen sanyi take yi. In ta fara za ki ji tun daga matakala."

"Tukuna dai."

Na yi kwanaki ina wannan amsa. Ina tattara ganyen da ya zube in cusa a leda in ƙulle, don kada iska ta gangaro da shi tsakar gida, gaban tagarta. Na daina jin daɗin duwatsun da safiyar. Ina hawa ne kawai in ƙirga abin da ya rage a jikin rassan. Na sha shirya yadda zan faɗa mata, da Hausa, da Larabci, duk ba wanda ya yi. Matar da ke koyon taka ƙasa da sabuwar gwiwa, ta yaya zan ce mata na kashe abin da ya rage mata na gidansu?

Rigar sanyina ce ta tona ni. Irin mai gashi-gashin nan ce da komai ke maƙale mata. Wata safiya na sunkuya ina ajiye tire, sai na ji yatsun Kaka a kafaɗata. Ta ciro ganye guda. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi, ta shafa ƙonannen bakinsa da babban yatsa.

"Nawa suka rage a jikinta?"

Na durƙusa a gefen gadon. "Ba su fi goma ba, Kaka."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Hawaye ya hana ni ƙarasawa da kyau, amma ta gane.

"Share fuskarki. Hau ki ɗebo mini ƙasar gindinta, ta sama-sama, cikin cokali."

Na kawo. Ta dangwala da yatsa ta ɗora a harshe, ta tofar a hankici.

"Zartsi. Ruwan wayit kika ba ta?"

"Duron ne ya ƙare."

"Ai dama yana ƙarewa! Kowace shekara yana ƙarewa. To jarkokin da na cika ɗaki da su fa, na ado ne?"

Na ɗago kai. "Kaka, Zamzam fa? In zuba Zamzam a ƙasa?"

Ummi, mahaifiyata, tana shigowa da kwanon farfesu daidai lokacin. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wane Zamzam?" in ji ta.

"Na ɗakin sama. Masu jan ƙyalle."

Ummi ta dubi Kaka, Kaka ta dubi Ummi.

"Ya binti, 'yata," in ji Ummi, "ruwan mukayyif ne. Duk zafi Hajiya tana ɗura shi a tsofaffin jarkoki, in duro ya cika. Jan ƙyallen ai don kada a sha ne. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba."

"Kina gidan nan?"

"Tana gidan nan," in ji Kaka, "amma kanta na cikin littafi. Lemo ba ya son gishiri, ƙawata. Ruwan na'urar nan kuwa babu komai a cikinsa, kamar ruwan sama yake. Tun tana gwangwani shi take sha." Ta tsaya, ta ƙura mini ido. "Me ya sa kika yi wani iri? Ke. Ba dai sha kika yi ba?"

Na sunkuyar da kai. "Kullum da safe. Kaɗan dai."

"A tsaye?"

"A tsaye. Ina kallon alƙibla."

"Da addu'a?"

"Gwiwarki nake roƙa wa sauƙi."

Ummi ce ta fara dariya. Ta ajiye kwanon a kan firji da sauri don kada ya zube, ta dafa bango. Kaka ta yi ƙoƙarin daurewa, leɓenta na rawa, sannan ta fashe da dariya har tana riƙe gwiwa tana cewa wayyo ɗinkina. Rabon da in ji dariyarta tun kafin asibiti.

"Shi ya sa!" in ji ta tana share ido. "Shi ya sa nake jin gwiwar nan tana ta sanyi kamar an kunna mata na'ura!"

"Cikinki bai yi ciwo ba?" Ummi ta tambaya, har yanzu tana haki.

"Ko kaɗan."

"Allah Ya tsare. Halas, shi ke nan, daga yau kin daina."

"Bar ta," in ji Kaka. "Mai karɓar addu'a ba ruwan kofi Yake dubawa ba. Ga shi ina takawa."

Ni ma na yi dariyar, da hawaye a fuskata. Amma ba ta daɗe ba, domin Kaka ta sake ɗaukar ganyen nan daga kan zaninta, fuskarta ta koma yadda take.

"Je ki karyo mini reshe. Na can sama."

Na karyo na kawo. Ya karye ne ƙaras, ba gardama. Ta kankare bawon da farce. Cikinsa ruwan ƙasa, busasshe. Ta ce in kawo na ƙasa da shi. Shi ma haka. Ta ajiye su biyun a gefen matashi, ta jera su daidai da juna, ba ta dube ni ba.

Ummi ce ta kawo dabara, ganin ina ta hawa da sauka. Ta ce in tafi da wayata in kira tata ta bidiyo. Na tsuguna a gaban Auta, iska na kaɗa mini mayafi, fuskar Kaka ta cika wayar, ta matso har goshinta kaɗai nake gani.

"Hajiya, ja baya kaɗan, ba ta ganinki," na ji Ummi na cewa.

"Ni nake son gani, ba ita ba. Ƙawata, bar rassan. Sauka jikin itacen, inda ya rabu biyu. Kankara kaɗan. Kaɗan na ce, ba fiɗa za ki yi ba."

Na kankara. Ruwan ƙasa.

"Sauka."

Na sauka kamar faɗin tafi. Na sa farce na ɗaga bawon, sai ga wani kore a ƙarƙashinsa, ɗanye shar, da ɗan danshi. Ƙamshin lemo ya taso mini a yatsa.

"Matso da ita. Matso." Sannan na ji ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Tana nan. Fushi ta yi."

Na zauna daɓas a kan siminti mai sanyi.

"Tashi, ba zama aka ce ki yi ba," in ji muryar daga waya. "Yanzu aiki ya fara."

Ranar na yi aikin lambu na gaskiya, karo na farko. Na jingina wayar a jikin gwangwanin yakuwa, Kaka na ba da umarni daga gadonta. Ta sa na yar da bargon, ta ce Auta ta ga sanyin da ya fi wannan ba ta nemi mayafi ba. Ta sa na kwashe ƙasar sama mai farin nan, zurfin yatsa biyu, na zuba a buhu. Na kwanta rubda ciki na zura ƙusa a hudojin gindin duron Auta, waɗanda laka ta toshe. Sai na jawo jarkoki. Hannuna ya ɗan tsaya a kan murfin ta farko, don jikina bai gama yarda ba, Kaka ta ce, "Zuba, malama, alhakin a wuyana." Na zuba a hankali har ruwan ya taru a sama, ya nutse, ya fara fita ta ƙasa. Na sake zubawa. Jarka huɗu ta sha, ruwan yana bin magudana, yana fitar da gishirin da na yi makonni ina tara mata.

Daga nan aka zo yanka. Wannan ya fi yi mini wuya. Kowane reshe sai na bi shi da almakashi ina datsewa kaɗan-kaɗan har in iske kore. Wasu ban iske ba sai a gindinsu. Da na gama, bishiyar da ta fi ni tsawo ta dawo iya ƙuguna, 'yan sanduna huɗu a tsaye. Na cika saman da sabuwar ƙasa. Na tambaya ko in sa taki.

"Marar lafiya ake ba tuwo? Bari sai ta nema. Kuma kada ki ƙara ba ta ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe. Da sanyi ba a cika shan ruwa, ko ke shaida ce. Au, na manta, ke kina sha."

Sauran kwanakin sanyin na yi su ina jira. Ina hawa, in yi shara, in kori tattabaru, in tura yatsa a ƙasa, in hana kaina ɗauko moɗa. Na koma karatu, sai na riƙa hawa kafin motar makaranta ta zo. Na tattara irin yakuwar da ya bushe na ƙulle a takarda. Na rage na'ana'ar da ta yi tsawo ta zube. Duk abin da zan yi yanzu sai na tambaya, Kaka kuma ta daina ba ni baya, tana bayani har da abin da ban tambaya ba. Iskar asuba ta fara laushi. Wata rana na lura ban ɗauko rigar sanyi ba, kuma ban ji komai ba.

Sai wata safiya na ga wasu 'yan ɗigo a jikin sandunan, kamar kan allura. Na ɗauka kwari ne, na kai hannu zan goge, na fasa. Bayan kwana uku suka buɗe. Ganye ne, ƙanana, masu sheƙi, launinsu tsakanin kore da ja.

Na sauko da hoto a waya. Kaka ta duba, ta miƙo mini.

"Kira mini babanki."

Likita ya yarda ta fara gwada matakala, amma 'yan kaɗan ya ce, ba hawa uku ba. Babana ya faɗa mata haka, ta ce ai ita ma kaɗan-kaɗan za ta hau. Ranar Juma'a da hantsi aka yi tafiyar. Shi yana riƙe da ita ta dama, ƙarfen matakala ta hagu, ni ina biye da kujerar roba. Kowane hawa sai an ajiye kujera ta zauna ta huta, ta yi masa faɗan ya cika gaggawa. Ummi na ƙasa tana ta salati.

Da muka fito rufin ta tsaya tana haki, ta bi gwangwanayen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye mata kujerar a gaban Auta. Ta miƙa hannu ta kama ƙaramin ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu, ta murza shi a hankali ba tare da ta tsinke ba, ta kai yatsun hancinta. Ta rufe ido. Babana ya juya yana duba tankin ruwa, ko da yake babu abin da ya sami tankin.

"Bana ba za ta yi 'ya'ya ba," in ji ta daga baya. "Ba komai. Baɗi ma shekara ce."

Ta gyara zama, ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki a cikin rana.

"Yanzu ta nemi abinci. Ɗauko takin nan, ƙawata. Tafi ɗaya, kuma nesa da gindi."